Gwajin taron manema labarai a N'Djamena: sun iya tambaya, sun manta da tafinta

A N'Djamena, babban birnin Chadi, akwai wani ƙaramin ofishi da tsofaffin ma'aikatan rediyo da talabijin suka buɗe, sana'arsa shirya babban mutum kafin ya tsaya gaban 'yan jarida. Ba za mu ambaci sunansa ba, domin masu zuwa ba sa son a san sun zo, kuma akwai aibun da za mu faɗa. Babbar hidimarsa ita ce wadda suke kira shirin shugaban ƙasa: kwana uku ana horar da mutum kan tambayoyin harkokin waje, bisa yadda ake shirya shugaba kafin ya tsaya da wani baƙo a gaban kyamara, ko kafin doguwar hira da gidan rediyon waje. Masu saye su ne ministoci, sababbin jakadu, masu magana da yawun hukumomi, da shugabannin 'yan kasuwa da ke bin tawaga zuwa ƙasashen waje. Hukuncinmu tun daga farko shi ne, rabin aikin ya kai kuɗinsa har da ɗoriya, ɗaya rabin kuwa sai ka zo da naka.

Tambayar harkokin waje ba kamar ta farashin man fetur ko albashin malamai ba ce. Idan minista ya yi suɓutar baki kan albashi, gobe ya fito ya gyara, a yi gunaguni a wuce. Chadi kuwa maƙwabta shida gare ta, Libiya, Sudan, Afirka ta Tsakiya, Kamaru, Najeriya da Nijar, kuma kowace na da mai saurare a ofishin jakadancinta yana rubuta abin da aka faɗa kalma bayan kalma. Ko manyan shugabanni ba su tsira ba. Ranar 6 ga Janairun 2025 shugaban Faransa Emmanuel Macron ya gaya wa jakadun ƙasarsa cewa shugabannin Afirka sun manta su yi godiya, kafin a kwana biyu N'Djamena da Dakar sun mayar masa da martani mai zafi. Magana zarar bunu ce, a wannan fagen ma ta fi haka, domin faifanta na nan a wayar kowa.

Ranar farko ba a kunna kyamara. Ana zama ne a kan kundi. Ofishin na tattara tambayoyi arba'in da ake jin za su iya fitowa, sannan a tace su zuwa goma sha biyu da ba makawa. Kowace tambaya na da katinta, rabin takardar A4 mai kauri, rubutu manya yadda za a karanta ba tare da sunkuyawa ba. Layin sama matsayin gwamnati ne cikin jimla ɗaya. Ƙarƙashinsa hujja biyu, kowace da ranarta. Sai jimlar fita, wadda mai magana zai kama idan an matsa masa. Can ƙasa da jan biro, abin da ba a faɗa ko da an yi ta tsokana. Wannan jan layin shi ne mafi amfani a katin, domin mutum a tsaye gaban fitila ya fi tuna abin da aka hana shi a kan abin da aka ba shi ya haddace.

Katin Faransa ya yi kyau ƙwarai, babu abin da za mu ƙara masa. Ya jera abubuwan yadda suka faru: sanarwar kawo ƙarshen yarjejeniyar tsaro ranar 28 ga Nuwamban 2024, ta bakin ministan harkokin waje na lokacin, Abderaman Koulamallah, sa'o'i kaɗan bayan ziyarar takwaransa na Faransa Jean-Noël Barrot, tashin jiragen yaƙin Mirage a watan Disamba, miƙa sansanin Faya a ƙarshen Disamba, na Abeche a Janairu, sannan na Adji Kossei da ke N'Djamena a ƙarshen Janairun 2025. Jan layinsa ya ce kada a yarda da kalmar yanke hulɗa idan ɗan jarida ya saka ta cikin tambayarsa, domin sanarwar da kanta ta ce matakin bai taɓa daɗaɗɗen zumuncin ƙasashen biyu ba. Wanda ya rubuta katin nan ya san aikinsa.

Amma ba duka katunan ba ne suka samu wannan kulawar. Na G5 Sahel, ƙawancen tsaro na ƙasashen Sahel biyar, an rubuta shi kamar ƙungiyar na nan da ƙafafunta biyar, alhali Mali ta fice a Mayun 2022, Burkina Faso da Nijar suka bi ta a Disamban 2023, aka bar Chadi da Muritaniya. Na Tafkin Chadi ya lissafa sassa huɗu na rundunar haɗin gwiwa mai yaƙi da Boko Haram daidai, Mora, Baga-Sola, Monguno da Diffa, sai dai bai ce komai ba kan sanarwar ficewar Nijar a Maris 2025, bai kuma tuna cewa Shugaba Mahamat Idriss Deby da kansa ya yi barazanar janye sojojin Chadi bayan harin Barkaram na Oktoban 2024, wanda sojoji kimanin arba'in suka rasu a cikinsa. To ai nan ne tambayar take. Duk ɗan jaridar da ya shirya zai ce: kun yi barazanar fita, Nijar ta ce ta fita, yau ina kuka tsaya? Katin da bai hango wannan ba, ya aika mutum rijiya ba guga. Dalilin wannan gurguntaka a fili yake: ofishin na sake amfani da tsohon kundi, yana sabunta katunan da suka yi suna a rediyon waje kawai, sauran kuma a bar su yadda suke.

Wanda ya fi ba mu takaici shi ne katin Kamaru, layi huɗu kacal na zumunci da 'yan'uwantaka. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gadar Ngeli da ke kan iyaka ya ga jerin manyan motoci daga Kusuri ta Kamaru ya san cewa cikin N'Djamena ta wannan hanyar yake cika, daga tashar ruwa ta Duwala, wajen kilomita 1,800. Man fetur ɗin da Chadi ke haƙowa a Doba ma ta bututu mai tsawon kilomita 1,070 yake bi zuwa Kribi a gaɓar tekun Kamaru tun 2003. A Afrilun 2023 Chadi ta kira jakadanta gida daga Yawunde kan rikicin hannun jarin wannan bututun da ya shafi kamfanin Savannah Energy, kafin daga baya a sasanta. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a katin. Ɗan kasuwar Marwa ko Garwa da ke sauraren hirar ba ruwansa da siyasar manyan ƙasashe, shi tambayarsa kuɗin shingayen hanya da jinkirin kwastan. Tambayar da ta shafi aljihu kuwa ita ce aka fi maimaitawa a rumfar mai shayi.

Rana ta biyu ita ce zuciyar hidimar, kuma nan suka yi fice. Ɗaki ne matsakaici da aka shirya kamar zauren taro: mumbari, tuta a baya, fitilu biyu a gaba, kyamara ɗaya mai ɗaukar jiki gaba ɗaya, ɗaya kuma ta tsaya a fuska ba ta motsi. Mutum huɗu ne ke zama a matsayin 'yan jarida, kowa da rawar da aka ba shi: na gidan gwamnati mai tambaya da ladabi, na jarida mai zaman kanta mai neman rauni, wakilin gidan rediyon waje mai katse magana, da wanda ke haɗa tambaya uku a numfashi ɗaya. A gefen kyamara akwai ƙaramar fitila da ke komawa ja idan amsa ta kai daƙiƙa arba'in da biyar. Hikimar wannan ita ce talabijin ba ta ɗaukar fiye da daƙiƙa goma sha biyar zuwa ashirin daga amsa. Idan ka yi minti uku kana magana, edita ne zai zaɓi abin da ka faɗa. Idan ka taƙaita, kai ka zaɓa masa.

Sun kuma san ƙananan abubuwan da littafin Turawa ba ya faɗa. Shadda mai sitaci tana yin ƙara idan ta goga ƙaramin makirufon da ake maƙalawa a ƙirji, sai a ji kamar ana murza takarda duk lokacin da mutum ya gyara hannun riga. Maganinsu shi ne a maƙala shi taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, a bakin aikin wuya inda zare ya yi kauri, a bi da wayar ta ciki a danne da ɗan salatif. Farar riga fes tana ƙone hoto, fuska ta yi duhu, don haka suna ba da shawarar ruwan madara ko shuɗi mai haske. Rawani yana jefa inuwa a ido, sai su sauke fitilar gaba ƙasa kaɗan. Na'urar sanyaya ɗaki ana kashe ta lokacin ɗauka saboda gurnaninta, kuma suna barin mutum ya yi gumin da gangan, domin wanda zai yi magana a watan Afrilu a N'Djamena gara ya saba da goge goshi tsakanin tambaya da tambaya, ba a tsakiyar amsa ba, inda ake fassara shi da tsoro.

Ga irin yadda gwajin ke tafiya kan tambaya mafi nauyi, ta Sudan. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijira suka tsallako ta garin Adre na kan iyaka, kuma ana zargin cewa makamai daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na bi ta filin jirgin Amdjarass zuwa dakarun RSF da ke yaƙi da sojojin Sudan, zargin da Chadi ta sha musantawa. Mai rawar wakilin waje zai ce, "Mai girma Minista, jiragen da ke sauka Amdjarass, magani suke kawowa ko harsashi?" Mai koyo a karon farko kusan kullum yakan faɗa ɗaya daga rami biyu. Ko ya harzuƙa ya ce wa ya aiko ka, ko ya maimaita zargin da bakinsa, ya ce mu ba ma safarar makamai ga RSF, wanda gobe kanun labari zai ɗauki kalmomin safarar makamai ya haɗa da sunansa. Mai horarwa zai tsayar da kyamara ya ce, "Ranka ya daɗe, kada ka ari bakinsa. Faɗi naka." A sake. A karo na huɗu ko na biyar sai amsar ta zauna: matsayin gwamnati a jimla ɗaya, nauyin baƙin da gabashin ƙasar ke ɗauke da shi, kira ga tsagaita wuta, a yi shiru. Shirun ma ana koyar da shi, domin ɗan jarida gwani yakan bar makirufo a buɗe yana kallonka, kai kuma ka ji kunyar shirun ka cike shi da abin da ba a tambaye ka ba. Sun kuma dage cewa duk adadin 'yan gudun hijira a faɗe shi tare da wanda ya bayar da watan da aka bayar, domin lissafin Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya na sauyawa mako-mako.

Aibun wannan ranar ɗaya ne, kuma daga tarbiyyarmu ya fito. Idan mai koyo dattijo ne ko mai babban muƙami, masu rawar 'yan jaridar sukan sassauta bayan zagaye na farko. Tambaya ta biyu, wadda ake bin amsa da ita, sai ta ɓace. Alhali a taron gaske ita ce ke kayar da mutum: kun ce kaza, amma rahoton ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya na Janairun 2024 ya ce zargin na da ƙamshin gaskiya, me za ku ce? Wanda zai biya kuɗin ya faɗa da bakinsa tun kafin a fara cewa ya yafe girma na awa biyu, kuma ya nemi a kawo aƙalla mutum ɗaya da bai san shi ba, ba ya kuma neman komai a wurinsa.

Yanzu ga babban giɓin. Duk kwana ukun da Faransanci ake yin su. Chadi harsunan hukuma biyu gare ta, Faransanci da Larabci, kasuwa kuma Larabcin Chadi take ji. A bakin tafki da Kusuri da Marwa, har zuwa Difa da Maiduguri, jama'a da dama ta sashen Hausa na RFI, BBC ko DW za su ji abin da aka faɗa. Wato amsar da aka yi kwana uku ana sassaƙawa, wani ne zai sake gina ta cikin daƙiƙa uku a wani harshe, kuma ofishin bai taɓa zaunar da wannan mutumin a ɗakin gwaji ba.

Harshen diflomasiyya na Faransanci cike yake da tarko ga tafinta. Kalmar dénoncer a maganar yau da kullum yin tir ce, amma idan aka haɗa ta da yarjejeniya, ma'anarta sanar da kawo ƙarshenta bisa ƙa'idar da ke cikinta. Tafintan da ya ce gwamnati ta yi Allah wadai da yarjejeniyar ya ƙara wa maganar wutar da mai ita bai hura ba. Prendre acte na nufin mun ji, mun rubuta, ba mun amince ba, kuma tsakanin biyun akwai tafiyar kwana da kwanaki idan ana maganar juyin mulki ko sakamakon zaɓe a maƙwabta. Kiran jakada gida domin tuntuɓa, kamar yadda aka yi da Yawunde, daban yake da korar jakadan wata ƙasa, kamar yadda aka yi wa na Jamus a watan Afrilun 2023 ɗin, dukansu kuma ba yanke hulɗa ba ne. A Hausa idan aka yi gaggawa duk sai su koma an janye jakada. Akwai kuma tsanin nuna ɓacin rai: nuna damuwa, nuna takaici, yin tir. Kowane mataki ma'aikatar harkokin waje ta auna shi kafin ta taka, tafinta kuwa na iya tsallake biyu ba tare da ya sani ba. Sunaye ma haka. Ka kira RSF 'yan tawaye, ka ɗauki ɓangare. Ka kira masu mulkin Yamai sojojin juyin mulki maimakon hukumomin Nijar, ka aika saƙon da ba a ba ka ba.

Gyaran wannan ba shi da tsada. A ƙara wa kowane kati layi biyu a baya: jimlar matsayi da Larabci, da kuma Hausa, waɗanda aka amince da su tun kafin taro. A haɗa jerin kalmomi talatin zuwa arba'in masu haɗari da fassararsu, a ba tafinta kwana ɗaya kafin ranar. A yi aƙalla zagaye ɗaya na gwaji da tafintan da zai yi aikin na gaske, domin fassarar da ake yi bayan mai magana ya tsaya tana ninka lokaci, taron minti talatin ya zama na tambaya biyar ko shida kawai, kuma mai magana sai ya koyi tsayawa bayan jimla biyu ko uku. Idan fassarar kai-tsaye ce ta cikin akwati da abin sawa a kunne, tafinta biyu ake buƙata ga kowane harshe, suna karɓar juna duk minti ashirin zuwa talatin, domin bayan haka ƙwaƙwalwa na fara zubar da lambobi da sunaye. Da aka tambayi ofishin, amsarsu ita ce tafinta ba ya cikin farashi. To a saka shi a ciki.

Rana ta uku ta kallon faifai ce da gwaji na ƙarshe. Ana fara kallo ba sauti, don mutum ya ga idonsa na gudu zuwa rufi duk lokacin da aka ambaci Rasha ko ziyarar da Shugaba Deby ya kai Mosko a Janairun 2024. Sannan a saurara ba hoto, don a ƙirga inda-inda da yawan wato. Wannan dabara ce mai kyau, kuma ba ta ɗaukar fiye da awa ɗaya. Inda suke wuce gona da iri shi ne dabarar kauce wa tambaya a koma kan saƙo. Suna koyar da jimlolin tsallakawa guda uku, mai koyo ya haddace su, ya fito yana amfani da su a kowace amsa. Mai saurare ba yaro ba ne, a karo na uku ya gane ana yi masa kwana-kwana. Akwai tambayoyin da amsarsu kai tsaye ta fi ƙarfi. Da Amurka ta saka Chadi a jerin ƙasashen da ta hana shiga a Yunin 2025, Chadi ta dakatar da ba Amurkawa biza bisa ramuwar gayya ta diflomasiyya, kuma wannan jimla ɗaya ce da ba ta buƙatar wata gada.

Sai batun faifan kansa, wanda mutane ba sa tunawa sai ya zame musu ƙaya. A cikinsa akwai babban jami'i yana ba da amsar da ba daidai ba sau huɗu kan Sudan kafin ya dace a na biyar. Daƙiƙa goma daga ciki sun isa a ƙulla rikici da maƙwabta. Al'adar ofishin ita ce su kwafe shi a kwamfutarsu, har su tura guntaye ta WhatsApp don mutum ya kalla a gida. Kada a yarda. A zo da katin ajiya na kyamara daga gida, guda biyu, ɗaya ga kowace kyamara, a cire su da hannu idan an tashi. Wayoyin duk wanda ke ɗakin, har da masu rawar 'yan jarida, su tsaya a waje cikin kwali. Katunan tambayoyi a ƙirga su da safe a ƙirga da yamma.

Wanda ke da taro a gabansa ya kama lokaci kwana bakwai zuwa goma kafin ranar, kada ya wuce haka, domin labarin Sudan da na tafki ba sa jira, kada kuma ya gaza, domin ana buƙatar lokacin da ma'aikatar harkokin waje za ta duba jimlolin matsayi ta sa hannu. Kundin ofishin a ɗauke shi a matsayin daftari, a ba wani jami'in da ke bin kowane fayil kullum ya bi ranaku da sunaye ɗaya bayan ɗaya. A rubuta cikin yarjejeniyar biyan kuɗi cewa akwai gajeren zama na minti arba'in da safiyar ranar taron, a kan labaran da suka fito cikin dare kawai, kuma tafinta na zaune a wurin. A kuma tambaya ko janaretonsu na ɗaukar fitilu biyun tare da kyamarori, domin idan wuta ta ɗauke a tsakiyar zagaye na uku, mai koyo ba ya komawa da zafin da ya tara.